Tofajjal, Mutumin da Ba Shi da Ƙungiya

Shekara ashirin da biyu Tofajjal Mridha ya yi a Palermo. Ya fara da tallar lema a bakin titi, ya ƙare yana gyaran kifi a kasuwar Ballaro. Ƙarnin kifi bai taɓa barin hannunsa ba, ko ranar Idi. Allah ya jiƙan Tofajjal, mai sanyin murya, wanda ba ya iya cin shinkafa shi kaɗai.

Ranar Lahadi bayan azahar yakan shimfiɗa tabarma a bayan wani shagon kayan miya, tsakanin buhunan albasa, ya koya wa matan Bangladesh Italiyanci: yadda za ki gaya wa likita inda ke miki ciwo, yadda za ki karanta wasiƙar makarantar 'yarki, yadda za ki tsaya gaban ma'aikaci ba ki sunkuyar da kai ba.

Matarsa Shefali ta sha yi masa mita.

"Baban Rupa, rana ɗaya tak kake hutawa, ita ma ka ba matan mutane?"

"To ki zo ki zauna a gaba, ki sa mini ido."

Ta zo sa ido, ta zama ɗalibar da ta fi kowa baki.

A garin kowace gunduma ta Bangladesh tana da ƙungiyarta, da shugaba, da mataimaka bakwai, da ƙaton ƙyalle mai hotunansu. In mutum ya rasu, ƙungiyar gundumarsa ce ke bin ofisoshi har a samu izinin binne shi. Tofajjal ɗan gundumar Kurigram ne, can arewacin ƙasar, kuma mutanen Kurigram a Palermo ba su cika mota ɗaya ba. Ba su da ƙungiya. Shi kuwa bai taɓa tambayar mace gundumarta kafin ta zauna a tabarmarsa ba.

Wata Alhamis da hantsi ya faɗi a kan teburin kifi, bai tashi ba. Aka ajiye gawarsa a ɗakin sanyi na asibiti. Abin da Shefali ke so kaɗai shi ne takardar da za a sa mijinta a ƙasa, a ɓangaren Musulmi na maƙabarta.

Ta je wurin Haji Mokbul, shugaban ƙungiya mafi girma. Ta same shi yana taunar ganyen pan, goron mutanen can, yana tofa jan yawu a kofin takarda.

"Bhabi, matar ɗan'uwana, wallahi hantata ta kaɗa. Amma dokarmu ta ce ɗan gundumarmu kawai. In na yi wa ɗan arewa, a zaɓe mai zuwa su cinye ni ɗanye."

"Haji saheb, a kan tabarmarsa matarka ta koyi rubuta sunanta."

"Ai shi ya sa za mu yi masa taron ta'aziyya. Har da lasifika."

Ƙungiya ta biyu ta ba ta shayi. Ta uku ta ce sakatare ya yi tafiya. Kwana shida mutumin yana kwance cikin ƙanƙara kamar kifin da yake yankawa.

Rana ta bakwai Monowara, matar Haji Mokbul, ta ƙwanƙwasa mata ƙofa, da mata tara a bayanta.

"Tashi, apa, 'yar'uwata. Mu ba mu da baki ne? Don me ya koya mana?"

Suka cika ofishin hukuma da ke ba da izinin binnewa. Shefali ba ta sunkuya ba. Ta faɗi sunan mijinta da ranar mutuwarsa da abin da take nema. Inda ta kakare, Monowara ta ƙarasa. Kafin la'asar takarda tana hannunta.

Masu kifi da masu tallar lema suka yi masa wanka, suka sallace shi. Ana shirin ɗaukar makara sai ga shugabannin ƙungiyoyin uku da turare da sabon ƙyalle: fuskokinsu kowace kamar faranti, ta Tofajjal a kusurwa kamar tafin hannu.

"Bhabi, matso nan ƙarƙashi, a ɗauke mu hoto ɗaya," in ji Haji Mokbul.

Shefali ta dubi jan bakinsa.

"Ku matsa da tsummanku, Haji saheb. Kun tare masa hanya."

Suka matsa. Makara ta wuce.