Ranar da Aka Kira Kalar Gyaɗa Sata

Akwai wata yamma a ƙofar gidan mai unguwarmu da ba na jin za ta fita daga raina muddin ina numfashi. Ba a ɗaga wa kowa hannu ba, ba a ma yi zagi ba. Gardama aka yi a kan ma'anar kalma ɗaya, amma mutuncin ƙanwar mahaifina ne yake rataye a jikinta.

Lokacin kaka ne. Na samu hutu daga gidan rediyon da nake karanta labarai, na hau motar Ɗanbatta na nufi ƙauyenmu. Gonakinmu a manne suke da juna, layin gamba kawai ke raba ta wannan da ta wancan, kowa kuma ya san ta kowa. A shekarar gyaɗa ta yi daraja a kasuwar Dawanau, sata kuma ta yi yawa. Mutum zai tsinke gyaɗarsa ya tsiba ta a gona don ta sha iska, ya wayi gari babu ita, sai sawun amalanke a bakin hanya. Magidanta suka kafa 'yan sintiri, kowa yana ba su damin dawa ladan gadi. Aka daɗe ba su kama kowa ba, har mutane suka fara cewa dawar tasu asara ce.

Ina cire takalmi a zauren gidanmu sai ga mai shela yana wucewa. "Mai unguwa yana gaishe ku! Daga yau, duk wanda aka gani ɗauke da amfanin gonar da ba tasa ba, ɓarawo ne. Za a ɗora masa kayan a ka, a zaga da shi ranar kasuwa!"

Aikina ya saba mini da sauraron jimla kamar yadda mai sayen hatsi yake soka ƙarfe a buhu don ya ga abin da ke ciki. Kafin wannan kuma, a shekarata ta farko a jami'a, ina zaune a Rijiyar Zaki, na yi darasin share fagen mantiƙi, ilmin auna magana. Malaminmu ya ce iyakance ma'anar kalma kamar yi wa gona shinge ne. Dole shingen ya tattaro duk abin da yake naka, ya kuma bar na maƙwabci a waje. Wani ɗalibi ya ce tsuntsu shi ne dabba mai tashi sama, malamin ya tambaye shi inda zai ajiye jimina, da yadda zai yi da jemage. Daga ranar na koyi cewa ba a gwada ma'ana da jin daɗinta a kunne. Misali ake kawo mata a ga ko za ta tsaya.

Shelar nan ba ta kwanta mini ba. Na tambayi yayana wa ya tsara ta. Ya ce kwamandan 'yan sintiri ne ya kai wa mai unguwa ita, tare da wani Alhaji wanda ya fi kowa gonakin gyaɗa a yankinmu.

Na ce, "Ashe Alhaji ma an yi masa ɓarna."

Ya ce, "Shi? Ko ƙwaya ba a taɓa masa ba."

Mutumin da ba a yi wa sata ba, me ya dame shi da ma'anar ɓarawo har ya taka ƙafa ya je gidan mai unguwa? Ban san amsa ba, amma na ajiye tambayar a raina.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, mijinta ya daɗe da rasuwa. Da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take riƙe kanta, kuma rabin gyaɗar da take matsa daga kala take fitowa. Ga wanda bai tashi a ƙauye ba, kala ita ce bin gona bayan mai ita ya gama kwashe amfaninsa, a tono 'yan ƙwayoyin da suka tsinke suka rage a ƙasa. Tun kakanni haka ake yi. Mata masu ƙaramin ƙarfi suke fita da 'yar fartanya da ƙwarya, ba sa neman izini, babu kuma mai hana su.

Ban daɗe da zuwa ba, wata rana da hantsi, 'yan sintiri suka tare Gwaggo tana fitowa daga gonar Alhaji da ƙwaryar da ba ta ma cika ba. Aka ce a hallara ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar. Ranar kasuwa kuwa ta matso.

Da na isa na tarar an shimfiɗa tabarmi. Mai unguwa yana tsakiya, liman a damansa, Alhaji a kan kujerar roba yana jan carbi. Gwaggo tana zaune can jikin katanga, ƙwaryar a gabanta, ƙasa duk a yatsunta. Kwamanda ya miƙe ya yi bayani da murya mai ƙarfi, kamar wanda ya kamo gungun 'yan fashi.

Gwaggo ta ɗago kai ta dube shi. "Ni ce ɓarauniya? Kai da ƙuli-ƙulina ya fitar maka da haƙora?"

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Kwamanda ya ce, "Gwaggo, ba ni na ce ba. Shela ce ta ce."

Wannan jimlar ce ta tsayar da ni. Na ga cewa idan na tashi ina roƙo, ina cewa tsohuwa ce, a yi mata afuwa, na amince ke nan da sunan da aka ba ta. Za a iya fasa zagayen, amma sunan zai zauna. Na durƙusa na gaishe da mai unguwa, na ce, "Ranka ya daɗe, ina neman izini in yi wa Kwamanda tambaya a kan shelar, ba a kan Gwaggo ba."

Kwamanda ya ce, "Malam mai labarai, nan ba gidan rediyo ba ne."

Mai unguwa ya ce, "Bar shi ya tambaya."

Na ce, "Duk wanda aka gani ɗauke da amfanin gonar da ba tasa ba. Haka take?"

"Haka take."

"Ɗazu na ga mai amalanke ya ɗauko geron Malam Liman daga gona. Gonar ba tasa ba ce. A zaga da shi?"

"Wannan ai aiki aka sa shi."

"To damin dawar da na ga ka ɗauko a kai shekaranjiya, a gonarka aka noma shi?"

Wannan karon dariyar ta fito fili. Kwamanda ya gyara tsayuwa ya ce kowa ya san abin da ake nufi, wato wanda ya ɗauka ba da izinin mai gona ba. Na ce madalla, an gyara shela ke nan. Sai na juya ga jama'a na tambaya ko akwai wanda aka taɓa zuwa gidansa neman izinin kala, ko wanda mahaifiyarsa ta taɓa nema. Ba a samu ko ɗaya ba. Da yawa daga cikin mazauna tabarmar nan, matan gidajensu sun fita kala a makon.

Alhaji ya tsayar da carbinsa. Cikin sanyin murya ya ce, "To daga bana sai a riƙa nema."

A nan na samu amsar tambayar da na ajiye. Gyaɗa ta yi tsada, abin da ke raguwa a ƙasa a manyan gonaki irin nasa ba kaɗan ba ne, yana so ya sa 'yan ƙodago su sake bi. Ba zai iya tsayawa a gaban gari ya ce ya hana kala ba, za a ce ya yi rowar abin da ubansa bai yi rowarsa ba. Amma idan aka faɗaɗa ma'anar sata har ta haɗiye kala, aka zaga da tsohuwa ɗaya a kasuwa, babu macen da za ta sake taka gonarsa. Shi kuma Kwamanda zai samu ɓarawon da zai nuna wa masu ba shi dawa.

Liman ya yi gyaran murya ya ce malaman mantiƙi suna sharɗanta wa ma'ana abu biyu, ta zama jami'a, ta zama mani'a, wato ta tattaro nata duka, ta kore wanda ba nata ba. Ya ce ga alama wannan shelar ba ta kore kowa ba.

Na ce, "Gafarta Malam, ta kore mutum ɗaya. Shela ta ce wanda aka gani. Mai amalanken da yake kwashe tsibin mutane, har yau ba a gan shi ba. A bisa wannan shelar shi ba ɓarawo ba ne, kuma ba zai zama ba sai ranar da masu gani suka ga dama suka gan shi."

Mutane suka riƙa duban Kwamanda, shi kuma yana duban ƙasa. Ina so in faɗi wannan a fili, domin aikina ya hana ni faɗin abin da ba ni da shaida a kansa: ban ce yana da hannu a satar ba, har yau ban ce ba. Abin da na sani kawai shi ne amalanke ba ta tafiya shiru, ƙauyenmu kuma ba shi da hanyoyi da yawa.

Mai unguwa ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya ce, "To kai da ka rushe tasu, gina mana taka. Mece ce kala?"

Rushewa ta fi gini sauƙi, nan take na ji haka a jikina. Na tambayi dattawan da ke wurin alamar da mata suke dubawa kafin su shiga gona. Suka ce harawa ce, wato ganyen gyaɗa da ake busarwa a ɗaure don dabbobi. Idan mai gona ya kwashe tsibinsa ya ɗauke harawarsa, ya gama ke nan. Sai na tsara ta a hankali: kala ita ce tono gyaɗar da ta rage a ƙasa bayan mai gona ya kwashe tsibinsa ya ɗauke harawarsa duka, wanda ya taɓa amfanin wani kafin haka ba da izini ba, an gan shi ko ba a gan shi ba, ya yi sata.

Aka gwada ta da mai amalanke, ta tsaya. Aka gwada ta da dawar Kwamanda, ta tsaya. Harawar Alhaji kuwa daga inda muke zaune ana hango ta jibge a kan rufin gidansa. Mai unguwa ya ce a mayar wa Gwaggo ƙwaryarta, a kuma sake shela. Ta tashi ta kakkaɓe zaninta, ta ɗora ƙwaryar a ka da kanta, ta bi ta gaban Kwamanda a hankali. "Ga shi na ɗauka a ka. In zagayen kake so, biyo ni."

Ana watsewa Alhaji ya kira ni. Fuskarsa a sake take, babu alamar wanda aka kayar. Ya ce, "Ɗana, sake faɗa mini ita, irin yadda kuke yi a rediyo." Na faɗa. Ya ce in ƙara. Na ƙara, yana gyaɗa kai, leɓunansa suna bin kalmomin. Ya sa mini albarka ya tafi. Hankalina bai kwanta da wannan albarkar ba, amma na juya maganar ta kowace fuska ban ga inda ta yoye ba.

Sai da kaka ta zagayo na gani. Na zo hutu, Gwaggo ta ce in raka ta bakin gona. A tsakiyar kowace gona ta Alhaji, bayan an kwashe komai ƙasa ta yi fili, akwai damin harawa ɗaya tak a tsaye, an danne shi da dutse. Bai ɗauke harawarsa duka ba, saboda haka bai gama ba. Haka damin yake zama har 'yan ƙodagonsa su bi gonar su tone ta tas. Bai karya ko kalma ɗaya daga abin da na tsara ba. Wasu masu manyan gonaki biyu ma sun koya daga gare shi.

Gwaggo ta nuna damin da haɓa. "Ɗan rediyo, ga sabon mai gadin Alhaji. Ya fi Kwamanda iya aiki, kuma ba ya cin dawar kowa."

Ba a zaga da ita kasuwa ba, babu kuma wanda ya sake kiranta da wancan sunan har ta bar duniya. Amma kalarta ta koma ƙananan gonakin talakawa irinta, inda abin da ke raguwa a ƙasa bai taka kara ya karya ba. Masu amalanken kuwa ba a taɓa kama su ba.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, duk inda na ji ana cewa wane shi ne duk wanda ya yi kaza, in tambaya wa aka shigar, wa aka bari a waje, wa kuma ya kawo maganar. Ta kuma koya mini wanda ba a faɗa mana a aji ba. Mun ɗauki alamar gamawa muka mai da ita ma'anar gamawa, alama kuwa tana hannun mai gona. Ma'ana komai kyan tsarinta tana iya hana a kira mai gaskiya ɓarawo, amma ba ta sa mai rowa ya ji kunya. Da can kunyar ce take buɗe wa mata gonaki, ba harawa ba.