Bel ɗin Yaya Sale na Ƙarshe

Shekara bakwai ke nan da aka kashe yayana Sale a dajin da ke kan hanyar Tabanni, kuma har yau in na ji waƙa tana jan ƙafa sai na duba tsintsiyar hannuna.

Yaya mai gyaran rediyo ne a Birnin Gwari, amma garmaho ne ransa. Mutane sun koma kaset, sun koma waya, shi yana nan da faifai da allura, muna ta yi masa tsiya. Bel ɗin da ke haɗa ƙaramin injin da farantin da faifai ke zama a kai, da kansa yake yanko shi daga tif ɗin tayar babbar mota, zobe-zobe, da reza. Yakan ce in bel ya matse, gurnanin inji zai bi roba ya shiga waƙa. In ya saki, muryar mawaƙi ta dinga tangaɗi kamar mai jin barci. Injin ma sai ya ɗora shi a kan guntayen roba, don kada rawarsa ta kai ga allura. Dokarsa babba kuwa, wadda ya sha ranƙwashina a kanta, ita ce kada mai ya taɓa bel.

Ran nan wani dattijo a Tabanni ya aiko cewa garmahonsa ya lalace. Na ɗauki Yaya a babur da hantsi. Ba mu yi nisa ba 'yan bindiga suka fito. Direban motar da ke gabanmu ya yi yunƙurin juyawa, suka harbe shi a wuya, yana riƙe da sitiyari. Ni gindin bindiga na sha a baki, haƙora biyu suka zube. Suka zazzage jakar Yaya, suka ga zoben robar nan, suka murɗa su suka ɗaure mana hannu ta baya. Wallahi igiya rahama ce. Kafin azahar yatsuna sun kumbura sun yi baƙi, na daina jin su.

Suka zaunar da mu baya da baya a gindin wata ɗorawa, suka koma rabon kaya. Sai na ji sanyi yana bin hannuna. Ashe 'yar kwalbar man keken ɗinki da yake ɗiga wa inji tana aljihunsa na gefe, saura kaɗan a ciki, ita ya lalubo yake ɗiga mini a kan robar.

"Ƙanena, me mai yake yi wa bel?"

"Zamewa yake sa shi, Yaya."

"To bismilla. Kada ka waiwayo."

Na ce shi fa? Ya ce man na mutum ɗaya ne, ni ke da 'ya'ya ƙanana. Hannuna ɗaya ya sulɓe, na faɗa cikin ciyawa. Ban kai rafi ba na ji harbi uku. Bayan kwana biyu muka ɗauko shi, robar tana nan ta nutse cikin namansa.

Ina yawan tunanin me Yaya zai ce da yau. An ce in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, to mu rawar da muka koya ita ce ta gudu. Gonakin da muka sani sun zama kurmi. Dattijon Tabanni ya rasu a gudun hijira, garmahonsa bai gyaru ba. Na san Yaya zai saurari waƙar wayar 'ya'yana ya taɓe baki, ya ce abin da ba ya juyawa ina zai san daidai.

Robar da na gudo da ita a ɗaya hannun, na wanke ta da toka da sabulu, na sa wa garmahon Yaya. Ta riga ta miƙe, muryar tana tangaɗi. Kowa ya ji sai ya ce in canza. Na san da yana raye ranƙwashi zan sha, don ya tsani waƙa mai jan ƙafa. Allah Ya jiƙanka, Yaya. Wannan karon ba zan ji maganarka ba.