Gwangwanin Madara a Bakin Bututu

Asubar fari motar kamfani ta ɗauke ni a Agege, ana yayyafin farkon damina. Mu uku ne: ni, da injiniyan kamfani wanda zai riƙa yi mana tafinta, da wani abokin aikina Bayarabe da muka shekara tara muna haɗa famfo tare. Malaminmu na ajin yaƙi da jahilci ya ce in na dawo in rubuta muku abin da na gani da hannuna, kada in sa kowa ya rubuta mini. To ga shi, ku yi haƙuri da ni.

Dalilin tafiyar shi ne, tun da kuɗin mai ya shigo kowa a Ikko bene yake ginawa, kuma kowane mai bene yana son ruwan zafi a banɗaki. Kamfaninmu ya sayo wata irin hita daga Ingila, mai aiki da gas, ba ta da tanki. Da ka buɗe famfo sai wuta ta kama a cikinta, ruwa ya ratsa ya fito da zafinsa. Masu ƙera ta suka ce a aiko mutane su yi mako uku suna koyon kafa ta. Ba su san mun riga mun kafa guda ɗaya ba. Ni na kafa ta, a gidan wani Alhaji a Apapa, inda ana jin iskar teku daga tsakar gida.

Jirginmu ya makara ƙwarai a filin jirgin sama na Ikeja, muka zauna kan akwatunanmu har ƙugu ya sage. Mun sauka Landan da sanyin da mutanen can suke cewa wai ya wuce. An ba mu ɗaki a Stratford, can ƙololuwar wani tsohon gida, matakala arba'in da ɗaya, na ƙirga su kullum. Wurin koyon aikin kuma yana kusa da Croydon. Kowace safiya mu shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa da suke kira tube, mu fito, mu canza jirgi, kowa ya rufe fuska da jarida ba mai gaida wani. Abinci dankali ne da safe, dankali da rana. Da yamma in an tausaya mana sai a soya shi. Kuɗin shayi kofi ɗaya a tasha ya ishe ka tuwo da nama a Agege, shayin ma bai ji sukari ba.

Mai koya mana wani dattijon Bature ne mai ƙone-ƙone a yatsu, ba ya gaggawa. Rana ta huɗu ya kai mu gaban wata hita da aka kafa cikin ɗan ɗakin gilashi. Ya kunna, wuta ta tashi shuɗiya, gajera, a tsaye. Sai ya ɗauki wani faifan ƙarfe ya ɗora a bakin bututun hayaƙinta, ya kuma toshe ƙofar iskar da ke ƙasa. Ba a jima ba wutar ta yi tsawo, ta koma rawaya, tana lilo. Ya kara madubi a saman hitar, madubin ya yi gumi. Injiniya ya fassara mana cewa wuta sai ta sha iska daga ƙasa ta fitar da hayaƙi ta sama. In aka hana ta, abin da take fitarwa sai ya dawo ɗaki, kuma ba shi da wari, ba shi da launi. Mutum zai fara jin ciwon kai, gwiwa ta yi sanyi, barci ya ɗauke shi a inda yake, ba zai farka ba.

Nan fensir ya tsaya a hannuna. Bari in faɗa muku abin da na yi a Apapa. Bayan na kafa hitar da mako guda aka yi hadarin farko, irin na bakin teku mai zuwa da ruwa a kwance. Hajiya, matar Alhaji, ta aiko a kira ni, ta ce ruwa ya biyo bututu ya kashe wutar, ga sauro da ƙadangaru suna shiga ta ramin da na huda a ƙasan ƙofa. Ni kuwa mutum ne mai son a ce ya iya aiki. Na sami katako na rufe ramin ƙofar. Na hau tsani da gwangwanin madara, na yi masa ƴan huji uku da ƙusa, na kifa shi a bakin bututun na ɗaure da waya. Hajiya ta yaba, har da shinkafa aka zuba mini. Tagar banɗakin kuma ba a buɗe ta, saboda gidan na iyakwandishan ne.

Wanda ya fi kowa amfani da banɗakin nan ita ce Inna, mahaifiyar Alhaji, tsohuwa mai ciwon gwiwa. Don ita aka sayi hitar. Takan rufe ƙofa ta zauna kan kujera tana gasa ƙafafunta da ruwan zafi, ta daɗe. Duk kwanakin da na yi aiki a gidan, ba ranar da ba ta ajiye mini goro ba.

Da aka tashi shan shayi na gaya wa injiniya. Ya dubi hagu da dama ya ce, "Malam, ka bar maganar nan tsakaninmu. In Bature ya ji zai ce ba mu san aiki ba."

Na ce, "Ai ba mu sani ba, ranka ya daɗe. Shi ya sa aka biya mana jirgi."

Ya fassara, ba da son ransa ba. Dattijon ya ajiye kofinsa. Bai yi faɗa ba, tambaya ya yi ta yi: yaya nisan gidan da teku, ta wane gefe iska take bugowa, wa yake wanka a ciki. Da na ce tsohuwa ce, ya ce a kashe hitar yau, ba gobe ba.

Yau ɗin ce ta gagara. Mun yi booking, wato mun kama layin buga waya, zuwa ofishinmu na Ikko, muka yi ta jira har aka ce layi ya lalace. Kashegari aka haɗa mu, ina jin muryar akawu kamar daga cikin rijiya, kafin injiniya ya gama gaisuwa ta yanke. Gidan Alhaji ba a sa musu waya ba tukuna. Injiniya ya aika talgiram, amma na san teburin da za ta je ta kwanta, na san tulin takardun da ke kansa.

Ranar Juma'a muka je masallacin Regent's Park. Bayan sallah na ji Hausa a bayana, wasu ɗalibai ne da wani ma'aikacin gwamnati da ya gama kwas zai koma gida ranar Lahadi. Na roƙe shi ya jira ni. Na zauna kan benci a bakin lambu, na ɗora takarda a gwiwa, yatsuna sun ƙage don sanyi. Ban taɓa rubuta wa kowa wasiƙa ba sai ranar. Na ɓata takarda biyu, ta uku ta tsaya haka: "Zuwa ga Hajiya. Bayan gaisuwa, don Allah a cire tukunyar gas daga hitar banɗakin Inna yau. Kada kowa ya kunna har in dawo. A dafa mata ruwa a murhu. Na yi kuskure a aikin, laifina ne."

Mutumin ya karɓa ya sa a aljihun kwat. Ya ce, "In sha Allahu zan kai, Malam, in go-slow ya bar ni na isa Apapa kafin in yi ritaya."

Saura mako biyu, kuma babu hanyar da amsa za ta zo. Kwanakin nan sun yi mini nauyi fiye da matakalar Stratford. Aikin dai na riƙe shi da kyau. Dattijon ya ce shi sanyi ya sani, bai taɓa ganin ruwa irin namu ba, don haka muka zauna ina zana masa gidan yana gyarawa. Bututun ya zama na ƙarfen da ba ya tsatsa, domin gishirin iskar teku yana cin na banza. Kada bakinsa ya fuskanci teku, kada ya fito kusa da taga. A ɗaure shi da bango sosai yadda guguwa ba za ta girgiza shi ba. Inda ya kwanta a karkata shi kaɗan zuwa waje, ruwan da ya shiga ya koma inda ya fito. A bakinsa a sa hular da aka ƙera don wannan aiki, mai tare ruwa ta bar hayaƙi. Ramin ƙofa a sa masa raga saboda sauro, a riƙa share ta, amma ba katako. Ya ce mafi alheri ma a fitar da hitar daga banɗaki, ko a sayi irin da ke shan iska daga waje. Duk na rubuta da Hausa.

An kai mu ganin kogi da manyan kantuna. Abokin aikina ya sayi rediyo da takalma har akwatinsa ya ƙi rufuwa, sai da na zauna a kai. Ni huluna na bututu shida na sayo, yana ta yi mini dariya wai na je Landan na yi wa hayaƙi tsaraba.

Da muka doso Ikko na leƙa ta taga na ga jiragen ruwa jere a teku suna jiran shiga tasha, hadari kuma ya haɗu a gabas. Ban je Agege ba, daga Ikeja na ɗauki tasi zuwa Apapa da kayana. Muka yi awa uku a hanya, riga ta manne mini a baya. Da muka shiga layin na fara duba ƙofar gidan, ko akwai tabarmi da mutane zaune. Babu kowa sai maigadi yana jin rediyo.

Inna tana baranda ta miƙe ƙafa. Ko gaisuwa ban gama ba ta ce, "Kai ɗan nan, wato daga ƙasar Turawa ma sai da ka miƙo hannu ka hana ni ruwan zafi?"

Na durƙusa na ce, "Tuba nake, Inna. Yaya ciwon kan?"

Ta ƙura mini ido. Ta ce, "Wa ya gaya maka ina ciwon kai? Ko ɗana ban gaya wa ba."

Hajiya ce ta ƙarasa mini labarin. Wasiƙar ta iso ran Laraba. Kwana biyu kafin nan sai da ta buga ƙofar banɗaki, ta sami Inna zaune a ƙasa ta kasa tashi, suka ce tsufa ne. Tun da aka koma ruwan murhu abin bai sake faruwa ba. Talgiram kuwa har yau ba wanda ya gan ta. Wasiƙata na same ta kafe da ƙusa a ƙofar banɗakin, da karkatattun baƙaƙenta.

Na ari tsani na hau. Gwangwanin ya yi baƙi ƙirin a ciki, huji biyu sun toshe da tsatsa da kunkunniya, saura ɗaya. Na kwance shi na sa a aljihu. Kashegari na dawo na fitar da hitar waje ƙarƙashin rumfa, na yi aikin yadda na rubuta.

Abin da na koyo ba shi da yawa. In ka ga rami a aikin wani, ka tambayi dalilinsa kafin ka toshe, ko da mai gida ne ya ce ka toshe. Na gaji ƙwarai, har yanzu ƙafafuna ba su dawo daidai ba. Gwangwanin yana cikin akwatin kayan aikina, kusa da sifana, ina ganinsa duk sanda na buɗe.