Saniyar Laka a Gaban Darduma

Yayana ya yi mini ƙarya a gaban mutane, ya bar ni da sunan mai koya wa yara gina gumaka. Da wannan na fara don kada ka zaci hira zan ba ka. Ba cikinmu ɗaya ba, ɗan wan ubana ne, amma gida ɗaya muka tashi, akushi ɗaya muka sa hannu, kuma tun ban iya ɗaura wando ba Yaya nake ce masa. Yau furfura ta cinye mini gemu, amma har yanzu in ruwan fari ya sauka, ƙasa ta tashi da ƙamshin nan na jiƙaƙƙiyar laka, sai abin ya dawo mini sabo.

A wani ƙauye muka girma kusa da Illela, ta wajenmu a Nijar, ba ta Najeriya ba. Kakarmu maginiyar tukwane ce. In lokacin kaka ya wuce, ruwan tabki ya ja baya, sai ta tafi da ƙwarya da ɗan gatarinta ta haƙo yumɓu, mu biyu muna biye da ita. Ta jiƙa shi, ta zuba ƙaiƙayi, ta tattake da ƙafafunta masu faso. Kafin ta soma nata aikin sai ta gutsuro wa kowa curi ta ce mu ba ta wuri.

Shanu muke ginawa. Mu ɗora tozo, mu tsinko ƙaya mu kafa ƙaho. Wani lokaci raƙumi, amma wuyansa ba ya tsayawa. Tana murza bakin tulu, ba ta ko dube mu ba, sai ka ji ta ce, "Shanunka nawa?" In ce bakwai. Ta ce, "Kura ta kama biyu." In ɓoye biyu a bayana in sake ƙirgawa. Haka na iya lissafi tun ban taka ƙofar lakwal, wato makarantar boko, ba.

Sai dai tana da doka guda wadda ba ta da roƙo. Kafin a kira magariba, duk abin da muka gina mai siffar mai rai sai ya koma cikin kwatarniyar ruwa ya narke. Tukunya ta kwana, kasko ya kwana, saniya ba ta kwana. Ta ce, "Wasa na rana ne. Abin da ba ku iya busa mishi rai, kada ya kwana gidana." Yaya ya taɓa ɓoye wani sa da ya yi masa kyau a ƙarƙashin rumbu. Ta gano, ta kamo kunnensa, ta sa shi da hannunsa ya tsoma shi a ruwa yana kuka. Ina faɗa maka wannan ne don ka san ba wai bai san dokar ba.

Ni a aji biyar na tsaya, ubana ya ce gona ta fi bukatata. Yaya ya wuce har kwaleji a Konni, ya dawo da Faransanci a baki da biro a aljihu. Rayuwa ta kai mu Malbaza mu duka. Shi yana da shagon kayan mota, ni ina ɗan abin da ya samu.

A shekarun dubu biyu da 'yan kai iyayen unguwarmu suka haɗu suka buɗe jardan, wato lakwal ɗin yara ƙanana waɗanda ba su isa shiga aji ɗaya ba. Rumfar zana biyu ce da ɗakin ƙasa guda. Aka naɗa Yaya shugaban kwamitin iyaye, kowa na ce masa Parsidan. Shi ya sa aka ɗauke ni gadi da shara da ɗebo ruwa. Wannan ba na musun sa, ya yi mini.

Malamar guda ce, wata yarinya baƙuwa da aka turo, muna ce mata Madam. Ba ta da komai sai allo da alli da waƙoƙin Faransanci da yara ke ta ihu da su ba su san ma'anarsu ba. Kafin hantsi ya yi zafi wannan ya ciji wannan, wancan ya yi fitsari a tabarma, ita kuma muryarta ta dishe. Ran nan ina zaune bakin ƙofa na ɗauki kara na fere, na haɗa mota irin manyan nan masu dakon siminti da yaran ke gani kullum a bakin titi. Ban kira kowa ba. Ina ɗaga kai na ga sun kewaye ni, tsit.

Daga nan aka fara. Madam ta ce in shigo ciki. Muka riƙa loda tsakuwa a motar kara a matsayin buhuna, yaro ya loda biyar, ya sauke biyu a Konni, ya faɗi saura. Na tara marafan kwalba suna ware su launi launi. Na zuba rairayi a faifai suna zana haruffa da yatsa, in sun ɓata a girgiza a sake. Ƙwallon goruba muke ƙirga da shi, don Madam na tsoron ƙaramin abu kada wani ya cusa a hanci. Daga baya na samo yumɓu. Ka ga yaron da ba ya iya riƙe alli, ka ba shi curin laka kwana goma, ka ga yadda yatsunsa za su saki. Ni ban karanta wannan a takarda ba, gani na yi.

Dokar Kaka kuwa na riƙe ta. Kafin a tashi da azahar, kowa ya kawo saniyarsa ya tsoma a baho. Da fari sun yi kuka, daga baya abin ya zame musu wasa, suna rige-rigen wadda za ta fara narkewa.

Wata Laraba Yaya ya shigo ya tarar ana tsomawa. Ya tsaya riƙe da ƙugu.

"Mi kake yi haka? Aikin ɗiya ne kake ɓatawa?"

Na ce, "Yaya, ai ka san abin. Ba su kwana."

Ya yi dariya. Ya ce wasu iyaye sun fara janye 'ya'yansu, suna cewa ba a koyar da komai a jardan sai tsalle-tsalle. Ya ce a shanya su su bushe, ranar Juma'a kowane yaro ya tafi gida da tasa, uwaye su gani da idonsu.

Na ce, "A ba su motar kara. A ba su kasko. Ban da mai rai."

"Kai da Kaka duk ba ku san yadda aka tafi da lakwal ba," in ji shi. "Ni ne Parsidan ko kai?"

Ba wani babba a wurin sai ni da shi da Madam, tana goge allo ta ba mu baya. Na kwashe shanun na jera a rana. Laifina ke nan, kuma na san shi. Da na tsaya a kan a'a, da iyakarta ya yi fushin kwana biyu.

Cikin yaran akwai wata 'yar shekara huɗu, shiru-shiru, ɗiyar wani direban babbar mota. Mutum ne mai tsanani a kan addini, ba ya wasa. Yarinyar ta kai saniyarta gida ta rasa inda za ta ajiye kada ƙannenta su taka. Sai ta tuna wuri guda a gidan da ba mai takawa. Ta shiga ɗakin ubanta ta ajiye ta jikin bango, daidai gaban dardumarsa, ta wajen alƙibla. Shi kuma ya dawo daga hanya a gajiye, ya fito daga hasken rana ya shiga duhun ɗaki, ya ta da sallar la'asar bai lura ba. Sai da ya ɗago daga sujada ya ga abu mai ƙaho yana fuskantar goshinsa.

Ranar Asabar da hantsi ina share rumfa na ji ana buga ƙyaure kamar za a ɓalle shi. Direban ne, da maza uku a bayansa, da saniyar a ƙunshe cikin tsumma kamar ya ɗauko mushe.

"Kai ne ka ba ɗiyata wanga?"

Na ce ni ne na koya musu ginawa.

"To ka sa na yi ma laka sujada. Ka ji ko? Ni, da girmana."

Ya yo kaina. Ɗaya daga cikin mutanen ya riƙe masa hannu. Na ce su yi haƙuri a kira Parsidan, shi zai yi bayani. Wallahi a lokacin hankalina kwance yake, don na san Yaya zai ce shi ya sa.

Bayan la'asar aka taru a ƙofar gidan liman. Tabarmi uku ba su isa ba, wasu a tsaye. Aka ajiye saniyar a tsakiya. Ƙaho ɗaya ya karye a hanya. Madam tana rakuɓe bakin zaure ta ja mayafi har goshi. Yaya ya zo a makare da farin kaftani, ya gaisa da kowa hannu da hannu, ni ya tsallake ni.

Direban ya faɗi nasa. Wani ya ce dama an ce lakwal ɗin nan ta Nasara da sannu take shigowa. Wani ya ce a rufe ta yau. Liman, tsoho ne mai sanyin magana, ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce sallar direba ba ta ɓaci ba tunda bai sani ba kuma bai yi niyya ba, wasan yara kuma ba bauta ba ne. Sannan ya juyo gare ni.

"Amma kai babba ne. Don mi ka bari sunka kai gidajen mutane?"

Na faɗi komai. Na faɗi bahon ruwa, na faɗi yadda kullum muke narkar da su, na faɗi ranar Laraba. Na ce Parsidan ne ya ce a shanya a raba.

Duk ido ya koma kan Yaya. Na ga ya dubi direban, wanda a shagonsa yake sayen kayan mota, shi da rabin mutanen da ke zaune. Ya gyara hula.

"Ni? Allah shi kiyaye. Ni gadi na ɗauke shi. Ban ma san shina shiga aji ba sai yau. Ƙanena ne, amma gaskiya ta fi ƙarfin zumunta."

Na ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah. Ga Madam nan, a tambaye ta."

Liman ya tambaye ta. Baƙuwa ce, ba ta da kowa a garin, kuma hannun Yaya ke kan takardar aikinta. Da ƙyar ta ce ita tana goge allo, ba ta ji abin da aka ce ba. Ban riƙe ta a zuciya ba, ko a ranar.

Nan take aka yanke cewa in bar jardan. Aikin ban damu da shi ba sosai, na saba da rashi. Sunan ne. Abin da liman ya faɗa na sassauci ba wanda ya tafi gida da shi. Abin da aka tafi da shi shi ne mai gumaka. Yara suka riƙa kiran sunan a bayana in na wuce. Matata tana sayar da fura, sai ta koma dawowa da ƙwarya cike. Wata magariba na shiga sahu, wanda ke damana ya ja ƙafarsa daga tawa ya bar tazara. Ban manta faɗin tazarar nan ba.

Yanzu in na bi ta ƙofar irin waɗannan makarantun ina ganin an cika su da 'yan tsana na roba masu ido da gashi, da dawaki masu lilo, kuma yara na kai su gida su kwana da su a gado. Ba wanda ya tara mutane. Ni ban ce a tara ba. Ina dai gani.

Na koma buga bulo a bayan tasha. Bayan kamar wata biyar, da rana tsaka, ina cikin zazzage ma'aunin siminti sai ga inuwar mutum a kaina. Yaya ne. Ya yi sallama, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, kamar jiya muka rabu. Sannan ya rage murya. Wai manya za su zo daga Tawa duba jardan, sun ji labarin akwai kayan koyo na hannu da ake yi a nan, su suke son gani. Madam kuwa ba ta da ko ɗaya, an ƙone motocin karan tun ranar.

"Ka taimaka ka yi muna ko goma. Motoci kawai, ban da dabba. Ka yi su gida, ni zan aiko a ɗauka. Ba sai kowa ya sani ba."

Na ce, "Za ka faɗa ma liman kai ka sa ni?"

"Haba, wancan zance ai ya wuce. Mi za a tono?"

Na ajiye shebur. Na goge hannuna a riga, na matso har ina jin turarensa, don ina son ya ji ba tare da na ɗaga murya ba.

Na ce, "A wurinka ya wuce, Yaya, don kai ba ka kwana da shi. Ni da shi nike tashi, da shi nike shiga masallaci, kuma ɗiyana da shi za su girma. Ranar Juma'a in an sallame, ka miƙe tsaye gaban mutanen nan ka ce kai ka sa ni. In ka faɗa, motoci har ɗari zan yi maka, da rana, ta ƙofar gaba. In ba ka faɗa ba, zan ci gaba da gaishe ka a hanya saboda uwayenmu. Amma ranar da anka ɗauko ni, kada ka sa hannunka ga makarata."