Zakaran da Ya Daina Cara a Wayar Baba

Katako ne ya raba ɗakinmu da na Baba. Tsohon gida ne a unguwar Gubaira, a nan Saudiyya, mai shi ya tashi ya koma sabuwar unguwa, aka yanka falonsa biyu aka zuba 'yan haya. In Baba ya yi atishawa ni ke ce masa yarhamukallahu, ko da yake ba ya ji na.

Baba Ba'indiye ne, Musulmi, mutumin Kerala. Ya haura shekara ashirin yana aiki a wata masana'antar yanka ƙarfe a Birnin Masana'antu na Biyu, ƙarar injin ta cinye masa kunne. Saboda haka in zai yi waya sai ya saka ta a sifika, ya ƙure murya, ya ɗora ta a kan gwiwa. Duk abin da aka faɗa a Indiya, a kan tabarmata yake sauka.

Ni dama can ba mai son fita ba ce. A Maraɗi ma sai Inna ta kore ni nake zuwa biki. Amma a nan abin ya wuce hali. Igamata, takardar zaman ƙasa, ta mutu ba a samu sabunta ta ba, don haka na yi shekara biyu ban wuce shagon bakin layinmu ba. Maigida ya fita da asuba zuwa kasuwar Aziziya inda yake jan motar kayan miya, sai magariba. Ni da esi mai sanyaya ɗaki da tukunya. Mai surutu irina, har tattasai nake yi wa magana.

To, Juma'a da hantsi ita ce ranar fitata. Baba ba ya aiki, zai kira gida, su yi awa guda ko fiye. Sai in ɗauko tsintar shinkafa in jingina da katakon.

Ba na jin ko kalma ɗaya. Da farko na ɗauka zan ji, don ni na tashi da kallon finafinan Indiya, har na taɓa gaishe shi da irin gaisuwar da na haddace. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wa Maigida, wanda yake kira sadik, wato aboki, da gurgun Larabcin nan da kowa ke yi a nan: "Wannan yaren mutanen arewacin Indiya ne, sadik. Mu namu daban. Matarka ta fi matata iya shi."

Tunda ban jin magana, sai na koma jin abin da ke bayanta. Akwai zakara mai shaƙaƙƙiyar murya, wanda ba ya ƙarasa cara, sai ya yanke ta a tsakiya kamar an kira shi. Akwai hankaki, su ba sa gajiya. Akwai ƙarfen da ake rataya guga a bakin rijiya, ƙiii, ƙiii, in matar Baba na ɗiban ruwa da wayar a kafaɗa. Mai kifi yakan wuce da wani ƙaho na roba, pom pom. In lokacin damina ne ruwa ya dinga dukan rufi, ni kuma ina zaune a garin da zafi ke narka takalmi, in lumshe ido. Can wajen ƙarshen hirar ladaninsu zai kira sallar Juma'a, don su suna gaba da mu da awa biyu da rabi. Tsoho ne, sai ya yi gyaran murya sau biyu a lasifika kafin ya fara. Masallacin na manne da gidan, ka ce a tsakar gida yake.

Na san gidan nan kamar na taɓa kwana a ciki. Baba ya gina shi ɗaki ɗaki, duk hutu ya ƙara wani abu. Kwanakin da ya kwana a cikinsa, in aka haɗa, ba su kai shekara biyu ba.

Wani lokaci bayan sallar Juma'a yakan zauna da Maigida a bakin ƙofa, in miƙa musu ƙosai. Tuwo da miyar kuka ya gwada sau ɗaya, ya yi godiya, bai sake ba. A nan nake jin labarin yadda garinsu ke sauyawa. Wai yanzu mai kifi ma ba ya karɓar kuɗi a hannu, waya ake nuna wa wata 'yar takarda. Surukarsa ta samu aiki a asibiti, tana tuƙa ƙaramin babur da kanta, abin da uwar mijinta ko a mafarki ba ta yi ba. Samarin unguwa duk sun watse ƙasashe, tsofaffi aka bari da manyan gidaje. Masu ɗaukar bulo da hawa kwakwa kuma daga arewacin Indiya suke zuwa, su kwana su goma a ɗaki ɗaya.

"Mu mun zo nan, su sun je can," in ji shi. "Garinmu shi ne Saudiyyarsu."

Sai maganar titi ta taso. Za a faɗaɗa babbar hanyar da ta bi ta gefen garinsu. Masu awo sun zo sun kafa duwatsu sun shafa fenti. Ɗansa, wanda ya bar wa wakilcin komai, ya ce masa katanga ce kawai za ta tafi, da kwakwa huɗu na gaba. Baba ya yi jimamin kwakwar, ya ce shi ya dasa su, ya haƙura.

Watanni na dinga jin katafila a bayan hirarsu, tana matsowa. Sai wata Juma'a na ji ɗif.

Na ajiye tiren shinkafa. Matar Baba na magana kamar kullum, amma muryarta na dawowa, irin ta ɗakin da babu kaya da yawa. Na jira zakara, bai yi ba. Na ce ƙila an yanka shi. Amma har da hankaki? Har da rijiya? Can na ji tukunyar nan mai fito ta yi fiii, wata kuma ta amsa daga nesa, kamar ta maƙwabta a sama. Na ji wata 'yar ƙararrawa, tin, irin ta abin hawa bene da na taɓa shiga a asibiti. Da lokacin salla ya yi, kiran ya zo daga nesa, muryar yaro matashi, ba gyaran murya.

Mako ya zagayo, haka. Wani makon, haka, har aka yi wata uku. Tun lokacin kuma sun daina kiran bidiyon da sukan yi jefi-jefi, wai wayar ta faɗi, idonta ya fashe.

Na ce wa Maigida: "Mutanen nan fa ba sa gidan."

"Waɗanne mutane?"

"Iyalin Baba. Sun tashi. A bene suke."

Ya dube ni da loma a hannu. "Ke da ba ki san hanyar Aziziya ba, kin san wanda ya tashi a Indiya?"

"Ai kunne gare ni."

"Kunnen ne matsalar. Ki cire shi daga katakon mutane."

Da na yi shiru, da a ce Baba ba shirin tafiya yake ba. Amma ɗakinsa ya cika da kwalaye. Yana ta sayayya: labule, hannun ƙofa masu ruwan zinare, fitilar da za a rataya a baranda. Ya gaji, gwiwa ta ƙi, yana so ya karɓi huruj niha'i, wato fita ta ƙarshe, wadda in an buga maka ita ka bar aikin, ka bar igamar, kuma a shekarunsa ba mai sake ɗaukarsa. Duk sanda ya ambata musu, sai in ji muryoyi sun tashi, ɗan na roƙo, matar na roƙo. Baba ya fito ransa a ɓace ya ce wa Maigida: "Wai in ƙara shekara. Kullum in ƙara shekara. Ba ni suke so ba, sadik, aikena suke so." Ya ce ba zai sake shawara da kowa ba. Ranar Lahadi zai je ofis ya sa hannu, sai dai su gan shi a ƙofar gida.

Ranar Alhamis na kasa cin abinci. Na ce wa Maigida in Baba ya sa hannun nan ya yanke igiyarsa, ya je ya tarar ba gida, ba aiki.

"In kuma gidan na nan fa? Kin haɗa uba da ɗa faɗa a kan zakara."

"To ya tambaya mana. Tambaya kawai."

"Mutumin nan hawan jini gare shi. In ya faɗi, wa za a kira? In an kira su, takardar wa za su fara nema a gidan nan?"

Wannan ta shige ni, don gaskiya ce. Motar asibiti ta tsaya a ƙofarmu, ni ce zan fara neman wurin ɓuya. Na yi ta juya abin. Iyalinsa da suka san shi shekara arba'in sun zaɓi su yi shiru. Ni wace ce, baƙuwar da ko sunan matarsa ban iya faɗa daidai ba?

Juma'a ta zo, ya kira, na saurara ko Allah zai sa zakaran ya ƙaryata ni. Tin, in ji ƙararrawar benen. Da ya kashe wayar na zura hijabi, na ja Maigida da hannun riga har ƙofar Baba. Ya biyo ni ne don kada in tafi ni kaɗai.

"Baba," na ɗaga murya. "Gida. Bet. Ka ce su nuna maka."

Ya karkato kunnen da ya fi ji. "Esh, binti?" Wato mene ne, 'yata. Haka yake kirana.

Larabcina na sayen tumatir ne, ban san sunan zakara ba. Sai na sa hannu a baki na yi masa cara, irin ta nasu, na yanke ta a tsakiya. Maigida ya rufe fuska. Na ce: "Mafi. Babu." Na yi ƙiii ƙiii ina jan guga a iska. "Mafi." Na yi gyaran murya sau biyu na ɗora hannu a kunne kamar ladan. "Mafi, Baba. Wata uku."

Da farko dariya ya fara, don carar ta yi kama. Sai dariyar ta tsaya a fuskarsa ba ta sauka ba. Ya dubi wayar da ke hannunsa. Ya dubi kwalaye. Ya ce da Maigida a hankali: "Ni ban ji sun tafi ba. Dama ban cika jin su ba."

A gabanmu ya sake kira. Bai yi faɗa ba. Magana ɗaya ya dinga maimaitawa, sau uku, sau huɗu. Can na ji matar ta fashe da kuka, sai ga hoto ya buɗe a wayar da aka ce idonta ya fashe. Farin bango, taga mai ƙarfe, kayansu a ɗaure a lungu. Maigida ya matsa kusa da shi ya riƙe masa kafaɗa, ni kuma na tsaya riƙe da kofin ruwa ina karanta duk abin da na iya.

Bai faɗi ba. Ya zauna a bakin katifa ya ce a kai wayar wurin da gidan yake, ya gani. Ɗan ya hau babur, muka jira kusan rabin awa. Da hoton ya dawo, titi ne baƙi wuluk, mai faɗi, motoci na wucewa fuu, fuu. Yaron ya tsaya a gefe yana nuna wani wuri da yatsa a tsakiyar kwalta. Baba ya fassara mana da kansa: "Nan rijiya take." Awon ƙarshe ya cinye gidan duka, har da rabin harabar masallaci. Abin da aka ba su bai isa su gina irinsa ba, sun kama haya a bene na huɗu a cikin gari, suna jira su fara wani ginin kafin su gaya masa.

Ranar Lahadi ya je ofis. Ya sa hannu, amma a takardar ƙarin shekara biyu.

Ya yi kwana goma bai zauna a bakin ƙofa ba. In na aika ƙosai kwanon ya dawo a wanke, ba magana. Maigida bai ce mini ai na gaya miki ba, ni ma ban ce na yi daidai ba. Na dai san da bakina tsohon nan ya koma gaban injin da ya kurmantar da shi. Da safe ina jin sa yana ɗaure takalmi, yana nishi kafin ya miƙe.

Kwalayen na nan har yau, ya jera su ya shimfiɗa darduma a kai. Labulen kaɗai ya ciro ya ba ni, na rataya a tagarmu da ba ta kallon komai sai bangon maƙwabta.

Wata Juma'a ina zaune nesa da katakon, don na yi wa kaina alkawarin na daina, sai na ji ƙwanƙwasa. Sau biyu. Ya ɗaga murya: "Binti! Isma'i." Wato in saurara. Ya kira gida, ya kawo wayar ya jingina ta da katakon ta ɓangarensa.

Tun daga ranar haka muke yi. In sun gama ya leƙo ya tambayi Maigida me na ji. Nakan faɗa masa gaskiya: motoci, tukunya mai fito, jikarsa na karatu da Turanci, wata maƙwabciya na faɗa da yara a wani yaren da ba nasu ba. Ya gyaɗa kai, ya ce: "Zakara?"

In ce: "Mafi, Baba."

Ya ce to, ya koma ciki. Ni kuma in ɗauki tiren shinkafata in ci gaba da tsinta.