Shanun Kakar Madam

Bara da sanyi, in an tashi makaranta, nakan sauka daga bas a unguwar Lewisham in wuce flat ɗin da Mama ke aikin carer, in jira ta mu tafi gida tare. Matar da take kula da ita Baturiya ce haifaffiyar Afirka ta Kudu, ta haura shekara tamanin. A gabanta Madam muke ce mata. A gida kuwa Mama "tsohuwar nan" take cewa.

Ranar farko Madam ta ce a ba ni shayi. Na miƙa hannu zan ɗauki ɗaya daga kofunan tangaram masu furanni, sai ta buga sandarta a ƙasa, ta nuna mini bayan ƙofar kicin. Wani kofin ƙarfe ne rataye a ƙusa, fentinsa fari, bakinsa ya ɓantare a wuri biyu. Ta ce a gidansu haka ake yi tun kaka da kakanni, masu aiki da nasu kofin, kuma kada in ɗauka da wata manufa. Na sha shayina a cikinsa. Ni dama ba mai magana ba ce.

A hanya na tambayi Mama ko abin ba ya yi mata ciwo. Ta yi dariya har da riƙe ƙarfen bas.

"Ke 'yar nan, matar da karenta ke lashe mata faranti? Ai ni ta taimaka wa. Ta riƙe kofunanta."

An riga an yi wa Madam booking a gidan tsofaffi, ƙarshen wata za ta koma. Ɗanta zai zo ya kwashe kayan, kuma ya faɗa mata a waya cewa tarkace ba zai bi shi ba. Abu ɗaya ne ya hana ta sukuni. Tana so tarihin kakar mahaifiyarta ya shiga hannun jikarta, ga ido ya tafi, ga hannu na rawa. Da ta ji Mama na yabon rubutuna, sai ta sa aka sayo littafi mai baƙin bango. Mama ta ce in yi, tsohuwa ce, akwai lada.

Hoton kakar yana kan talabijin. Mace ce mai faɗin fuska, sanye da baƙar riga har wuya, da hula mai baki kamar murfin tukunya. Leɓunanta a matse, kamar an ba ta tsamiya ta ƙi tofarwa. Abin da na fi kallo shi ne hannayenta da ta ɗora a kan Baibul: sumul, cike da nama, da zobe biyu.

Madam tana faɗa ina rubutawa. Kakar jikar manoman Holan ce da suka je Afirka ta Kudu zamanin mulkin mallaka. An yi mata aure, ta bi mijinta arewa a keken shanu wata da watanni, har suka sami ƙasar da babu kowa. Ta haifi goma sha uku, ta binne biyar. Takan yi sabulu da kitsen tumaki, ta shanya nama irin kilishinmu, ta karanta Baibul kullum da yamma. Da mijin ya mutu, ita kaɗai ta haƙa rijiya, ta yi katangar dutse, ta riƙe gona. Nan Madam takan share ido da gefen hankici, ta jira in ce wani abu. Ni kuwa sai in dubi hannayen da ke cikin hoton.

Shanun da suka ja keken su goma sha shida ne, kuma ta san sunan kowanne. Takan jero su bi da bi, tana kaɗa yatsa, har da wanda ya fi taurin kai da wanda kura ta ciza a ƙafa. Sau uku ta sa na maimaita mata don kada in yi kuskure a harafi.

Rannan ta ce lokacin da kakar ta kwanta zazzaɓi, wata baƙar mace ce ta shayar da jariran. Na ɗaga kai a hankali na tambayi sunanta. Ta juyo da fuska wajen da muryata take, kamar kujera ce ta yi magana.

"Wa zai riƙe wannan? Ki rubuta 'yar aiki, ya isa."

Ban rubuta 'yar aiki ba. Na ja dogon layi, na bar wurin fayau, daidai tsawon sunan mutum. Daga nan duk inda irinsu suka ɓullo a bakinta haka nake yi. Masu kora shanun. Waɗanda suka shiga ramin rijiyar da aka ce ita kaɗai ta haƙa. Waɗanda ke zama a ƙasa bakin ƙofa suna sauraren Baibul, don ba a yarda su hau tabarmar ɗaki ba. Ƙasar da babu kowa ma, kafin mu kai shafi na goma ta cika da layuka. Madam ba ta gani. Takan shafa takardar da tafin hannu ta ce lallai ina da tsafta, ba kamar sauran ba. Ban tambaye ta su wane ne sauran ba.

Ɗan ya zo ranar Asabar da safe, da baƙaƙen ledoji da 'yarsa. Ta girme ni da kaɗan, da abin jin waƙa a kunnenta. Madam ta sa rigar fita, ta shafa jan baki har ya haura leɓe, ta zauna da littafin a cinya. Ta miƙa wa jikar da hannu biyu. Uban ya ce mota ta cika, a sa shi a ledar takardu, masu sharar council za su kwashe. Yarinyar ta buɗe don dai kada a ce ba ta duba ba. Ta wuce shanun da sauri. Har ta nufi ledar, sai ta tsaya, ta cire abin kunne ɗaya, ta tambaye ni layukan nan na mene ne.

Mama ta daina ninke bargo.

"Mutanen da suka yi aikin ne," na ce. "Ba a san sunansu ba."

Madam ta ce waɗanne layuka, waɗanne mutane, ita ba ta ce a ja layi ba. Jikar ta koma shafin farko, ta fara bin layukan da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Ta daɗe a wajen jariran. Sannan ta rufe, ta tura littafin cikin jakarta ta ja zif.

Da za a fita da Madam, ta kamo hannun rigata ta ja ni kusa. Numfashinta warin magani. Ta tambaya a hankali ko yarinyar ta ɗauka. Na ce ta ɗauka. Ta tambaya ko na sa shanun duka. Na ce duka goma sha shida, babu wanda na bari. Ta yi murmushi, ta ce a ba mu kofin nan na bayan ƙofa, kyauta, mun cancanta.

Mama ta karɓa ta yi godiya har da rusunawa. Da muka sauko ƙasa ta ajiye shi a bakin bene, ta zuba wa karen Madam ruwa a ciki.