Yayana da Mataki na Uku

Yayana ba ya iya ganin kuskure ya wuce. Tun muna yara, ko wasiƙa ka aiko masa sai ya maido maka ita da gyara. A ofishin da yake haɗa kwamfutoci su riƙa magana da juna, Jan Biro suke ce masa, irin na malamin makaranta mai gyara, shi kuwa har daɗi yake ji.

Babban abokin faɗansa littafin jagora ne, na manhajar da ke tafiyar da kwamfutocin nan. A shafin sauya adireshin kwamfuta, mataki na uku ya ce ka kashe layin sadarwa, na huɗu ya ce ka sa sabon adireshi. To in daga nesa kake aikin, da ka kashe layin ai ka yanke kanka, ta ina za ka kai na huɗu? Sau uku yana rubuta wa masu kula da littafin. Sau uku suna cewa ya kawo hujja. Ya daina cin abinci yadda ya kamata, matarsa ta kawo ƙara wurina.

Na ce, "Yaya, don Allah ka bar musu littafinsu."

Ya kalle ni kamar na zagi kakarmu.

Ran wata Talata ya kunna bidiyo, ya shiga babbar kwamfutar reshensu, tafiyar awa huɗu a mota, ya bi littafin tiryan-tiryan. Mataki na uku, ɗif, layi ya yanke. Reshe gaba ɗaya ya tsaya cik. Ogansu na ta kumfar baki, bawan Allah nan kuwa murmushi yake yi, wai hujja ta samu. Shi da kansa ya hau mota ya je ya kunna abin da hannu, ya dawo aka ba shi hutun dole na mako guda.

Ya aika wa masu littafin bidiyon, da aka gyara shafin, ya kira ni in gani. Layi biyu kawai aka sauya wa wuri, ko sunansa babu. Raina ya ɓaci sosai. Na ce, "Yanzu duk wahalar nan, wa zai san kai ne?"

Ya ce, "Babu. Mutum zai bi, abu ya yi, ya tashi ya tafi gida wurin iyalinsa."

Sannan ya ce a kawo masa abinci.